Daga Mararraba Zuwa Wayar Tarho: Yadda Cocin Ingila Ya Koyi Sauraren Wanda Ya Gaji da Rai

A shekarar 1956, 'yan sandan Ingila da Wales sun sami rahoton mutum 5,387 da suka yi yunƙurin kashe kansu amma suka rayu. An gurfanar da 613 daga cikinsu a gaban kotu. Akasarinsu an sallame su, ko an ci su tara, ko an sa su ƙarƙashin sa-idon jami'an kotu. 33 kuwa gidan yari aka kai su. A wancan zamani mutum zai iya farfaɗowa a gadon asibiti ya tarar da ɗan sanda zaune kusa da shi, yana jiran ya ɗauki jawabinsa.

A daidai wannan lokaci, a wani tsohon coci da ke tsakiyar Landan mai suna St Stephen Walbrook, an shiga shekara ta uku ana amsa wata wayar tarho. Duk wanda duniya ta yi wa ƙunci yana iya bugowa. Ba a kai sunansa wurin hukuma, ba a yi masa wa'azi, ba a kuma ce masa ya yi laifi. Limamin cocin, Chad Varah, shi ne ya buɗe layin, kuma daga nan aka sami ƙungiyar da ake kira Samaritans.

Kotun da wayar duka daga tushe ɗaya suka tsiro, wato imanin Kirista cewa rai amana ce ta Allah, mutum ba shi da ikon raba kansa da shi. Inda suka rabu shi ne a kan abin da ya kamata mai wannan imani ya yi idan ya haɗu da wanda ya gaji da ɗaukar amanar. Fiye da shekara dubu, amsar da coci da hukuma suka bayar ita ce horo. Tarihin Samaritans tarihi ne na yadda wata amsar ta daban ta samu gindin zama.

Yadda hukunci ya kafu

Littafi Mai Tsarki ya ambaci mutanen da suka kashe kansu, irin su Sarki Saul da Ahitofel da Yahuza Iskariyoti, amma bai shimfiɗa wata doka ta musamman game da gawarsu ba. Ahitofel ma a kabarin gidansu aka binne shi. Wanda ya kafa harsashin koyarwar da cocin Yamma ya bi shi ne Augustine, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Bayan da mayaƙan Alaric suka wawashe birnin Rum a shekarar 410, an yi ta labarin matan Kirista da suka zaɓi mutuwa don gudun fyaɗe. A kashi na farko na littafinsa, Birnin Allah, Augustine ya kafa hujja cewa umarnin da ya hana kisa ya haɗa har da kashe kai, kuma macen da aka keta wa haddi da ƙarfi ba ta rasa tsarkinta ba, don haka ba ta da abin da za ta wanke da jininta. Duk da haka ya nuna cewa mai zuciyar ɗan Adam ba zai ƙi yafe wa waɗannan mata ba.

Waɗanda suka biyo bayansa sun riƙe haramcin, tausayin kuwa suka sake shi. Taron bishop-bishop da aka yi a Braga, a ƙasar Fotugal ta yau, a shekarar 561, ya hana a ambaci wanda ya kashe kansa cikin addu'ar sujada, ya kuma hana a raka gawarsa da waƙoƙin Zabura. A ƙarni na 13 Thomas Aquinas ya tsara dalilai uku: kashe kai ya saɓa wa son rai da aka halicci kowa da shi, yana cutar da al'ummar da mutum yake ɓangarenta, kuma shiga hurumin Allah ne, wanda shi kaɗai ke da ikon rayawa da kashewa. Akwai kuma wani tsoro da ya fi waɗannan tasiri a zukatan talakawa: ana ganin wannan zunubi ne da ba ya barin lokacin tuba.

Turke a mararraba

A Ingila koyarwar ta zama dokar ƙasa. Idan aka tsinci gawa, jami'in binciken musabbabin mutuwa kan tara mazajen unguwa ya rantsar da su su yanke hukunci. In suka ce mamacin ya kashe kansa cikin hayyacinsa, sai a kira shi felo de se, kalmar Latin mai nufin wanda ya aikata babban laifi a kan kansa. Daga nan kayansa da dabbobinsa da kuɗinsa su zama na sarki. A bisa al'ada kuma, akan ɗauki gawar da dare a binne ta a gefen babbar hanya, sau da yawa a mararraba, wani lokaci a kafa mata turke a jiki. Littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1662 ya hana liman karanta addu'ar jana'iza a kan mutum uku: wanda ba a yi wa baftisma ba, wanda aka kora daga coci, da wanda ya kashe kansa. Masanin shari'a William Blackstone ya bayyana a ƙarni na 18 cewa laifin biyu ne a haɗe, ɗaya ga Allah, ɗaya ga sarkin da aka raba da talakansa.

Mamaci dai ya riga ya wuce inda hukuncin kotu zai same shi. Waɗanda suka ɗanɗana shi su ne matarsa da 'ya'yansa, waɗanda suka rasa uba, suka rasa dukiya, suka rasa mutunci a rana ɗaya. Maƙwabta sun ga haka da idonsu, kuma daga cikinsu ne sassauci ya fara fitowa. Doka ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: wanda hankalinsa ya gushe ba shi da laifi. Masana tarihi Michael MacDonald da Terence Murphy, a littafinsu Sleepless Souls na 1990, sun bi takardun waɗannan bincike, suka nuna cewa kafin 1660 kusan kowane hukunci felo de se ne, amma zuwa ƙarshen ƙarni na 18 kusan kowane hukunci ya koma na gushewar hankali. Ba majalisa ce ta sauya doka ba. Mazajen unguwa ne suka daina yarda su talauta marayun maƙwabcinsu.

Wannan sassauci bai yi wa wasu malaman addini daɗi ba. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, mutum ne da ya yi suna wajen ziyartar fursunoni da taimakon matalauta, amma a 1790 ya koka cewa masu yanke hukunci sun mai da dokar wasa, ya ba da shawarar a riƙa rataye gawar wanda ya kashe kansa da sarƙa a bainar jama'a don ta zama izina. Tunaninsa shi ne kunya za ta tsare rayuka. Wannan tunani, cewa tsoratarwa ita ce rigakafi, shi ne ginshiƙin dukan tsarin.

A hankali majalisar dokoki ta riƙa rage tsananin. A watan Yunin 1823 aka binne wani ɗalibin shari'a mai suna Abel Griffiths a wata mararraba a Landan, kuma shi ake ɗauka a matsayin na ƙarshe da aka yi wa haka a birnin. A wannan shekara aka yi dokar da ta ce a riƙa binnewa a maƙabarta, amma tsakanin ƙarfe 9 na dare da 12, ba tare da addu'a ba. A 1870 aka daina ƙwace dukiya. A 1882 aka yarda a binne da rana. Sai dai tun tsakiyar ƙarni na 19 kotuna suka tabbatar cewa yunƙurin da bai kai ga mutuwa ba laifi ne da za a iya ɗaure mutum a kansa. Horon ya tashi daga kan matattu ya koma kan rayayyu.

Jana'izar da ta sauya limami

An haifi Edward Chad Varah ranar 12 ga Nuwamba 1911 a Barton-upon-Humber, a gundumar Lincolnshire. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara na limamin garin. Ya yi karatu a kwalejin Keble ta Jami'ar Oxford, sannan ya shiga makarantar horar da limamai ta Lincoln. A 1935, yana sabon mataimakin liman, aka tura shi ya jagoranci jana'izarsa ta farko. Gawar ta wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 14 ba. Ta fara ganin jinin haila, babu wanda ya taɓa yi mata bayaninsa, ta ɗauka wata mummunar cutar jima'i ce ta kama ta, ba ta kuma sami wanda za ta iya tambaya ba. An binne ta a ɓangaren maƙabarta da ba a keɓe da addu'a ba.

Varah ya sha ba da wannan labari har ƙarshen rayuwarsa, yana cewa a bakin kabarin ya ɗauki alkawarin yaƙar jahilci da kunyar da suka kashe ta. Abin da ya fahimta a ranar shi ne tsoratarwa ba ta tsare wannan yarinya ba. Tsoron da aka gina a kewaye da jikinta da kuma kewaye da mutuwa shi ne ya rufe mata baki. Sai ya fara koya wa matasan cocinsa da masu shirin aure abin da ya shafi balaga da jima'i a sarari, abin da ya jawo masa zagi da zargin lalata tarbiyya tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Ya yi limanci a Blackburn, sannan a Battersea da ke kudancin Landan. Albashin liman bai isa riƙe iyali mai 'ya'ya da yawa ba, don haka yakan yi rubutu a Eagle, mujallar zane-zane ta yara da wani limami abokinsa, Marcus Morris, ya kafa. A 1952 ya rubuta wata maƙala a kan jima'i a mujallar Picture Post, sai wasiƙu suka yi ta kwararowa daga mutanen da suka daɗe suna ɓoye damuwarsu. Wasu daga cikinsu suna tunanin kashe kansu. Ya lura cewa mafi yawan waɗannan ba likitan ƙwaƙwalwa suke nema ba. Wanda za su faɗa wa abin da ke cinsu suke nema. Da ya karanta cewa kusan mutum uku ke kashe kansu kowace rana a Landan, sai ya yi tunanin lambar 999, wadda tun 1937 ake bugawa a birnin idan gobara ta tashi ko an yi haɗari. Me zai hana a sami irinta ga wanda gobarar ke cikin zuciyarsa?

MAN 9000

Liman mai unguwa cike da jama'a ba shi da lokacin irin wannan aiki. Damar ta zo ne a 1953, lokacin da Grocers' Company, tsohuwar ƙungiyar 'yan kasuwar Landan da ke da ikon naɗa limamin St Stephen Walbrook, ta ba shi kujerar. Cocin, wanda Christopher Wren ya tsara gininsa bayan babbar gobarar 1666, yana dab da Mansion House, gidan magajin garin tsohon birnin, a unguwar bankuna da ofisoshi inda kusan babu mai kwana. Varah ya so lamba mai sauƙin riƙewa da ke kama da ta gaggawa, ya zaɓi MAN 9000. Kamar yadda ya ba da labari, da ya buga wa ma'aikatar waya daga cocin, wanda bama-baman yaƙi suka lalata, don ya roƙi a ba shi lambar, sai aka shaida masa ai daga ita yake magana. Ranar 2 ga Nuwamba 1953 aka fara amsa kira, shi da sakatariyarsa. A watan Disamba wata jarida ta yi masa laƙabi da Basamariye nagari na wayar tarho, sunan kuma ya bi aikin.

Tsarin da ya yi niyya tun farko irin na liman ne: mutane su bugo, su zo, shi kuma ya ba su shawara da iliminsa. Amma jama'a suka yi yawa, layin masu jira ya yi tsawo. Wasu mutanen gari da suka karanta labarin a jarida suka zo suna tambaya ko akwai abin da za su taimaka da shi. Ba su da horo, don haka aka ba su ƙaramin aiki: su haɗa shayi, su zauna da masu jira kafin liman ya samu sarari.

Cikin 'yan makonni Varah ya ga wani abu da bai zata ba. Waɗanda suka shigo wurinsa bayan sun zauna da masu shayi sukan iso hankalinsu ya ɗan kwanta, sun riga sun warware zaren matsalarsu. Wasu ma sukan tashi su tafi gida ba tare da sun gan shi ba, don sun sami abin da suka zo nema. Masu shayin ba su da amsar da za su bayar, saboda haka ba su katse kowa da nasiha ba. Sun zauna, sun saurara, ba su nuna ƙyama ko firgita da abin da suka ji ba. A watan Fabrairun 1954 ya tara su ya miƙa musu aikin karɓar masu kira, ya ajiye wa kansa zaɓen 'yan sa-kai da kula da su, da ganin ƙalilan ɗin da ke buƙatar a tura su wurin likita. Wannan hanya ya kira ta ƙulla abota.

Ba ƙaramin abu ba ne limamin da ya yi Oxford ya yarda cewa matar aure ko akawun banki da ba su taɓa karanta tauhidi ba sun fi shi amfani ga mai baƙin ciki. Wannan amincewa ita ce ainihin kafuwar Samaritans, fiye da ranar da wayar ta fara ƙara.

Hidimar coci da ta hana wa'azi

Ƙa'idojin da suka kafu daga baya sun fito ne daga abin da aka gani a ɗakin jira. Na farko sirri: abin da mai kira ya faɗa yana tsayawa a cikin ƙungiya, sai a ƙalilan yanayi, kamar inda yaro ke cikin haɗari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a ƙasar da yunƙurin kashe kai ke kai mutum kotu, babu wanda zai buɗe baki in ba shi da wannan tabbaci. Mai kira ba dole ya faɗi sunansa ba, ɗan sa-kai ma da sunansa na farko da lamba aka san shi. Na biyu, ba a yanke wa kowa hukunci, komai munin abin da ya faɗa. Na uku, ba a gaya wa mutum abin da zai yi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akan tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin an gano tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa ga wanda ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Na huɗu, wanda ya fi ba mutane mamaki daga ƙungiyar da aka haifa a coci: an hana ɗan sa-kai cusa wa mai kira addininsa ko siyasarsa. Varah ya riƙa mayar da masu son wa'azi da masu son ba da shawara, ya karɓi Kirista da Bayahude da wanda ba shi da addini, muddin ya iya saurare.

Wasu Kirista sun ga wannan a matsayin ajiye magani a aljihu alhali majiyyaci na gabanka. Idan bege na gaskiya yana cikin bishara, don me za a ɓoye ta ga wanda ya fi kowa buƙatarta? Ba kowane layin taimako ne ya bi hanyar Varah ba. Lifeline, wadda limamin Methodist Alan Walker ya kafa a Sydney ta Ostireliya a 1963, ta fito fili a matsayin hidimar coci. Tun kafin su duka ma, limamin Baptist Harry Warren ya kafa ƙungiyar ceton masu yunƙurin kashe kai a New York a 1906, kuma rundunar Salvation Army ta buɗe ofishi mai irin wannan aiki a Landan jim kaɗan bayan haka.

Amsar tsarin Varah tana cikin sunan da aka ba shi. A sura ta 10 ta Linjilar Luka, wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, sai Yesu ya ba shi misalin mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya gan shi ya ratse, Balawi ma haka. Wanda ya tsaya Basamariye ne, ɗan ƙabilar da Yahudawa ke ganin ta karkace a addini. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinyarsa. A cikin labarin babu inda ya tambaye shi dalilin da ya bi hanya mai haɗari shi kaɗai, babu kuma inda ya nemi ya sauya aƙidarsa. Mai kiran Samaritans sau da yawa mutum ne da ya riga ya yanke wa kansa hukunci mafi tsanani, wani lokaci da kalmomin da ya koya a coci. Ƙara masa wani hukuncin, ko da cikin murya mai taushi, tabbatar masa ne da abin da ya kawo shi bakin rami. Varah bai taɓa cewa kashe kai abu ne mai kyau ba. Rayuwarsa duka ya ƙarar wajen hana shi. Abin da ya ƙi shi ne a mai da ɗakin jinya ɗakin shari'a.

Doka ta biyo baya

Reshe na biyu ya buɗe a Edinburgh a 1959, wasu suka biyo a Liverpool da sauran birane. A wannan shekara ta 1959 wani kwamiti na Cocin Ingila ya fitar da rahoto da ya ba da shawarar a daina ɗaukar kashe kai da yunƙurinsa a matsayin laifin kotu. Likitoci da alƙalan ƙananan kotuna sun riga sun nemi haka, ɗan majalisa Kenneth Robinson kuma ya daɗe yana matsa wa gwamnati. A watan Agustan 1961 dokar soke laifin ta fara aiki a Ingila da Wales, amma ta bar taimaka wa wani ya kashe kansa a matsayin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 14.

Littattafan coci sun fi na gwamnati jinkiri. Cocin Katolika ya cire haramcin jana'iza daga kundin dokokinsa na 1983, kuma littafin koyarwarsa na 1992 ya bayyana cewa ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani ko azabar zuciya ko matsanancin tsoro na iya rage alhakin mutum, cewa bai kamata a yanke ƙauna daga cetonsa ba, kuma coci yana yi masa addu'a. A Cocin Ingila limamai sun daɗe suna yin jana'izar ba tare da kula da tsohon haramcin ba, amma sai a 2015 babbar majalisar cocin ta kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye a gyara dokar, aka kammala gyaran a 2017, shekara 82 bayan jana'izar Lincoln.

Ko Samaritans ta rage yawan mace-mace? Tsakanin farkon shekarun 1960 da tsakiyar 1970 adadin masu kashe kansu a Ingila da Wales ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, daidai lokacin da rassa ke yaɗuwa. Binciken Christopher Bagley na 1968 ya nuna garuruwan da ke da reshe sun fi samun raguwa. Wani binciken da Brian Barraclough da abokan aikinsa suka wallafa bayan shekara goma, wanda ya fi tsaurara kwatanta garuruwa, bai sami bambanci ba. Norman Kreitman kuma ya nuna a 1976 cewa babban dalilin raguwar shi ne sauya gas ɗin girki na gidaje zuwa wanda ba shi da guba. Darasin da masana lafiya suka ɗauka shi ne cewa lokacin tsananin yakan zo ya wuce, kuma duk abin da ya tsallakar da mutum wannan sa'a yana iya barinsa da shekaru masu yawa. Wannan shi ne abin da wayar ta ginu a kai tun farko, ko da ƙididdiga ba ta iya ware rabonta ba.

Aikin ya ci gaba da faɗaɗa. A 1974 Varah ya kafa Befrienders International don rassan ƙasashen waje. A 1991, bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 15 a gidan yarin Swansea, aka fara horar da fursunoni su zama masu sauraren 'yan uwansu, tsarin da ya yaɗu zuwa gidajen yarin Birtaniya. A yau ƙungiyar tana da rassa kusan 200 a Birtaniya da Ayalan, da 'yan sa-kai fiye da 20,000, da lambar kyauta 116 123. Varah kansa mutum ne mai kafiya da kaifin harshe. Ya yi ritaya daga limanci a 2003, ya raba gari da shugabannin ƙungiyar a 2004 yana cewa ta kauce daga abin da ya kafa, ya rasu ranar 8 ga Nuwamba 2007, saura kwana huɗu ya cika shekara 96. Baƙar wayar da aka fara aikin da ita tana nan a ajiye cikin gilashi a St Stephen Walbrook.

Gadon da aka bari a waje

Dokar da Ingila ta soke a gida ta riga ta shuka ta a ƙasashen da ta mulka. Sashe na 309 na kundin laifuffukan Indiya na 1860 ya tanadi horo ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Daga kundin Indiya aka tsara na Sudan, daga na Sudan aka tsara Penal Code na Arewacin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1960, shekara ɗaya kacal kafin Landan ta yi watsi da nata. Sashensa na 231 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 327 na Criminal Code da ake amfani da shi a Kudu ma ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Majalisar Ghana ta soke irin wannan laifi a 2023. A wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, ta ce aƙalla ƙasashe 23 na ci gaba da hukunta shi, ta kuma yi kira a daina, domin wanda ke tsoron kotu ba ya zuwa asibiti, iyalinsa ma ɓoye shi suke yi.

Masu kare irin waɗannan dokoki sukan ce soke su tamkar halatta abin da addini ya haramta ne. Abin da ya faru a Ingila ya nuna cewa tambayoyin biyu ne mabambanta. Cocin da ya nemi a soke laifin a 1959 bai sauya koyarwarsa a kan darajar rai ba. Ya dai kai ga fahimtar cewa ɗan sanda da kurkuku ba su ne kayan aikin tsare shi ba. Kuma jerin shekarun yana da abin faɗa: masu shayi sun fara zama da masu baƙin ciki a 1953, rahoton malaman coci ya zo a 1959, majalisa ta yi doka a 1961, kundin coci ya gyaru a 2017. A kowane mataki, waɗanda suka zauna kusa da mai ciwon ne suka riga masu rubuta hukunci gane abin da yake buƙata.